Ƙahon Albarushin Bawa Bahago

Abin da ya auka wa Birnin Marmara bai zo ba sallama ba. Shekara uku cur yana aiko da alamu: idon ruwan da ke ɓulɓulowa daga gindin Dutsen Shiru, wanda kaka da kakanni ba su taɓa ganin yashin ƙasansa ba, ya soma ja da baya taku-taku, kadojin cikinsa suka yi ƙaura, lambunan albasa da na rake suka fara yin ja-ja tun rani bai kankama ba. Mata masu ɗiban ruwa sun gani, manoma sun gani, har makafin ƙofar gari sun ji a bakin mutane. Mutum ɗaya ne bai gani ba, shi ne kuwa wanda ya fi kowa cancantar ya gani, kuma sai da rashin ganin nan nasa ya kai ɗansa bakin takobi.

Mutumin nan shi ne Cindo, Sarkin Bindigar Marmara, ɗan Korau mai kafaɗar dutse, jikan Bawa Bahago, maharbin da aka ce ya harbi tsawa ta yi shiru. A zamanin Bawan nan aka yi wani fari mai ƙona ƙasa da ƙona zuciya, ya hau Dutsen Shiru shi kaɗai neman nama, ya tarar da wata ƙatuwar mesa ta nannaɗe ɗan Sarkin Aljanu, ya harbe ta. Sarkin Aljanu, Gurnani ɗan Tsawa, ya saka masa da abu biyu: ya buɗe wa garinsu idon ruwa, ya kuma ba shi ƙahon zuba albarushi. Ƙaho ne na farin bijimin aljanu, dogo, lanƙwasasshe, kankararre, an goge shi sumul-sumul har ya yi shara-shara, in an ɗaga shi ga rana sai a hango albarushin da ke ciki, baƙi wuluk, cike har wuya. Ba ya raguwa komai ɗiba, ba ya shan danshi komai damina. Sharaɗin kyautar ɗaya ne. Kowace shekara idan damina ta ɗauke, daidai lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, Sarkin Bindiga zai ɗaga ƙahon ga rana ya ce, “Cike yake.” Sannan ya zare matoshin da haƙori, ya auna albarushi a ɗan ma’aunin kara, ya dura tsohuwar bindigar toka ta baki, ya danna da sanda, ya harba sama sau ɗaya. Ƙarar nan ita ce gaisuwar gari ga aljanu. Bayan nan sai ya yi tsaga ɗaya a bayan ƙahon da wuƙar tagulla, a mayar da shi ɗakin ajiya sai baɗi. Bawa ya yi tsaga talatin, Korau ya yi ashirin da biyu, Cindo kuwa nasa sun kai goma sha tara.

To, Cindo yana da wani asiri da ko matarsa ba ta sani ba. Shekara huɗu ke nan hazo na rufe masa ido a hankali, ga shi a al’adar gidansu Sarkin Bindigar da idonsa ya gaza sauka yake yi. Ɗansa na fari, Nomau, magidanci mai ’ya’ya biyu, yana can bakin iyaka wajen tsaron ƙasa shekara biyar, kuma da Cindo ya sauka a lokacin, da sarautar ta faɗa hannun ƙanen Cindon, wato Ɗari, masassaƙin ƙahoni, wanda tun suna yara ba sa jituwa. Don haka ya yi gum. Kowace shekara ya ɗaga ƙahon, ya ga wani farin haske ya cika masa ido, ya ce, “Cike yake,” ya dura, ya harba. Haƙoransa sun san matoshin, hannunsa ya san nauyin, ya ga ai wannan ya isa.

Da Nomau ya dawo gida cikin damina, Cindo ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka, ya roƙi Sarki Tunau a bar ɗan ya yi harbin bana. Aka yarda. Bisa al’ada aka kai ƙahon gidan Nomau a naɗe cikin fata, ya kwana bakwai a can.

Ranar harbi gari ya taru a bakin idon ruwa. Nomau ya kwance fata, ya ɗaga ƙahon ga rana, sai ya tsaya. Maimakon ya ce, “Cike yake,” sai ya sauke hannu, ya juyo ya dubi ubansa. Cindo kuwa inuwar mutum kawai ya gani ta juyo gare shi, ya zaci tsoron taro ne, ya ce, “Kai, dura mana, rana tana wucewa.” Nomau ya dura. Ya ja kunamar bindiga, ƙanƙara ta ba da wuta, amma maimakon ƙarar da ke girgiza dutse sai aka ji fuss, wani hayaƙi rawaya-rawaya mai wari ya fito a kasalance. Idon ruwa ya yi wani sauti kamar mai haɗiyar ƙashi, ya tsaya cak.

Waziri Jari, mutum mai siririn gemu da siririyar murya, wanda ya daɗe yana cewa a rabu da alkawarin aljanu a haƙa rijiyoyi, shi ya karɓi ƙahon ya zazzage a tafin hannu. Albarushin ya faɗo dunƙule-dunƙule kamar daddawa, bai ma kai rabi ba. Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, wannan ƙahon bijimin gari ne kawai, an shafe shi da mai, an kwaikwayi tsagar kakanni. Kwana bakwai yana gidan wa? Kowa kuma ya ga yadda mai harbin ya tsaya yana raba ido kafin ya dura.”

Sarki Tunau, adali ne amma mai saurin yanke magana, ya ce, “Kwana arba’in. Idan ƙahon Bawa bai dawo ba, kan Nomau zai biya. Idan ya dawo, wanda ƙahon ya ɓata a hannunsa zai bar cikin ganuwar nan har abada, da sunan wanda ya ci amanar gari.”

Kafin ya kama hanyar neman ƙahon, Cindo ya je gidan yari da hantsi. A matsayinsa na uba bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, “kai” yake ce masa, yau ma haka ya ce. “Kai, mu biyu ne nan, ba Waziri ba dogari. Wa ka ba?”

Nomau ya ɗago kai a hankali ya ce, “Baba, tambayata kake yi?”

“Kwana bakwai yana ɗakinka. Shekara biyar kana cikin baƙi, ban san da wa ka ci ba, ban san da wa ka sha ba. In wani ya ruɗe ka, ka faɗa mini in san inda zan nufa.”

“Yadda aka kawo shi a naɗe, haka na kai shi a naɗe. Da na ɗaga shi ga rana na dube ka, Baba. Kai ka ce in dura.” Ya mai da kansa ƙasa. “Allah ya kiyaye hanya. A gaida Inna.”

Cindo ya fito zuciyarsa na cewa yaron nan yana ɓoye wani abu. Ya bi ta rumfar Ɗari, ya ji ƙarar kankarar ƙaho ta tsaya daidai lokacin da ya gifta, ya ce a ransa, wannan ma abin zargi ne. Ya wuce ƙofar Waziri, ya ji ana dariya a zaure, ya ce, wannan ma. Abu ɗaya ya ɗauka daga jabun ƙahon, wato matoshin, domin shi kam na ainihi ne, ɗan guntun itacen kanya wanda haƙoran mutum uku suka cinye gefensa. Ya rataya shi a wuya, ya saɓa tasa bindigar, ya hau Dutsen Shiru don ya kai kuka wurin aljanun da suka ba da ƙahon.

Kwana tara yana hawa, yana laluben duwatsu da sanda, har ranar goma da tsakar rana, lokacin da aljanu ke shawagi, ya ji murya daga sama da kansa tana cewa, “Jikan Bawa, ka taka mini yatsa.” Ya ɗaga kai ya ga wani abu dogo, siriri, baƙi ƙirin, kamar inuwar giginya ta miƙe tsaye.

Cindo ya ce, “Wane ne kai, kuma wa ya gaya maka sunan kakana?”

“Tsiriri nake, mai tsaron ƙofa. Sunan kakanka kuwa a tafiyarka na gani, shi ma haka yake jefa ƙafa kamar mai bin bashin ƙasa. Ƙaho kake nema. Zan kai ka fada, amma ka ajiye bindigar nan da wuƙarka da duk wani ƙarfe da ke jikinka.”

“In ajiye makamina don ka ji daɗin cinye ni?”

Tsiriri ya yi dariya kamar busasshen kara na karyewa. “Tsoho, da cin ka zan yi, bindigar da tun ɗazu kake auna kututture da ita ce za ta hana ni? Ni ina nan ta hagunka.”

Cindo ya ji kunya ta kama shi, da tsoro kuma, ganin an gano asirinsa tun ba a je ko’ina ba. Ya ajiye ƙarafansa a ƙarƙashin wani dutse, ya ƙirga takun da ke tsakaninsa da ƙofa, don bai yarda zai same su a dawowa ba. Dutse ya tsage, suka shiga.

Birni na farko da suka ratsa Birnin Gawayi ne, ganuwarsa baƙa, gidajensa baƙaƙe, mutanensa baƙaƙe masu fararen idanu, masu tafiya sanɗa-sanɗa da raɗa-raɗa. Na biyu Birnin Farar Wuta, rawaya tun daga soraye har kajin gida, mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, inda wata dattijuwar aljana ta tare su da ƙwarya cike da ruwan sanyi ta ce baƙo ya sha. Kwana biyu rabon Cindo da ruwa, maƙogwaronsa kamar an zuba toka, amma ya ce ya gode, ba ya jin ƙishi. Tsiriri ya karɓa ya shanye, ya ce, “Ruwa ne kawai, jikan Bawa. Kai in uwarka ta miƙo maka nono ma sai ka tambayi wa ya aiko ta.” Na uku Birnin Farin Gishiri ne, mai walƙiya da ƙyalli, wanda Cindo ya ratsa ido rufe don zafin haske. Tsakanin kowane birni da ɗan’uwansa akwai kogi mai faɗi, ba gada, sai dai Tsiriri ya kwanta a taka bayansa. Ya bayyana masa cewa mutanen biranen nan uku ba a barin su su taru wuri ɗaya, domin su ne iyayen albarushi, in suka haɗu aka sami tartsatsi ɗaya, dutsen nan gaba ɗaya zai tashi sama. Abin da ya sa ba a shiga da ƙarfe ke nan. Cindo ya ce, “Da ka faɗa tun farko.” Tsiriri ya ce, “Da ka yarda?”

A rana ta ashirin suka isa fadar Gurnani ɗan Tsawa, sarkin da ke zaune kan gadon hauren giwa, mai gemu kamar hadari, mai murya kamar gangar da aka buga cikin rijiya, kewaye da fadawa dubu masu kawunan shaho da na damisa da na abin da ba shi da suna. Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, sarkin ɓoye da sarari, mai birni uku da kogi biyu. Jikan baranka Bawa ne ya zo biko. An sace mana kyautarka, ruwanmu ya tsaya, ɗana yana jiran takobi.”

Sarki Gurnani ya ce, “Kyautata tana gidana. An ajiye ta a ƙofar dutse da rana tsaka, a dokarmu kuwa mayar da kyauta yanke zumunci ne. Muka ce bari mu saurara, ko kuskure ne. Sai muka riƙa jin gaisuwa da albarushin kasuwa, mai tari kamar tsohon jaki. Bana ko tarin ma babu.”

“Ranka ya daɗe, wa ya kawo shi?”

“Mu da ƙanshi muke gane ɗan Adam. Wanda ya kawo shi ya turare jikinsa da hayaƙin albarushi tun daga ka har ƙafa, ya rufe fuska. Ko namiji ne ko mace, ko ma ɗan Adam ne, ba mu sani ba. Amma tunda ka tako, ga dama ɗaya. Ka shiga taskar ƙahoni. Abu ɗaya za ka fito da shi. In naka ne, alkawari ya koma. In ba naka ba ne, kai da ruwanku kun zama namu.”

Aka buɗe masa wani ɗaki wanda doki zai gaji kafin ya kai ƙarshensa, a cikinsa an rataye duk wani mazubin albarushi da ya taɓa ɓata a duniya: na ƙahon ɓauna da na ƙahon barewa, na hauren giwa mai zanen furanni, na tagulla mai siffar ƙwarya, tandu na fatar raƙumi, gora ’yar ƙarama ta talakan maharbi, na ƙoƙon kunkuru, na azurfa da aka yi wa ’ya’yan sarakunan da ba su taɓa harbi ba. Cindo bai ga komai cikinsu ba sai hazo mai ƙyalli. Sai ya tuna hannuwansa ba su makance ba. Ya soma lalube. Duk wanda ba ƙaho ba ya wuce shi. Duk ƙahon da aka kafe gindinsa da ƙusar tagulla ya wuce shi, don na Bawa da turakun itace aka kafe shi. Sauran kuwa ya riƙa ɗora su a kwankwaso: ƙahon na-dama yana kwanciya a kwankwason dama bakinsa na duban gaba, na Bawa kuwa na bahago ne, a hagu yake kwanciya, su da suka gaje shi ma a hagu suke rataya shi. Kwana uku yana wannan aiki, Tsiriri na biye da shi yana tsokana. “Wancan na azurfar fa? Ɗauki ka huta, ai ya fi na kakanka kyau.” Cindo kuwa ya lura da duk wanda Tsiriri ya yaba, ya nisance shi.

Daga ƙarshe saura uku, duka farare, duka na hagu, duka a buɗe ba matoshi. Ya ciro matoshin daga wuyansa. A na farko ya yi sako-sako, a na biyu ya ƙi shiga. A na uku ya zauna daram, da ɗan sautin nan da kunnensa ya sani tun yana yaro a gindin ubansa. Ya sa haƙori ya zare, ya mayar, ya rungume ƙahon a ƙirji, ya zauna a ƙasa.

A zaunen nan ne babban yatsansa ya bi bayan ƙahon, kamar yadda ya saba. Ga tsagar Bawa, masu karkata hagu, talatin. Ga na Korau, masu zurfi, ashirin da biyu. Ga nasa, gajeru. Ya ƙirga, ya sami goma sha shida. Ya sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama, goma sha shida. Ya lashi yatsa ya sake bi a hankali. Tsaga uku babu.

Sai komai ya warware masa lokaci ɗaya. Shekara uku ke nan ƙahon ba ya Marmara. Shekara uku yana ɗaga jabu ga rana a gaban gari yana cewa cike yake, yana yi wa ƙahon bijimin gari tsaga da hannunsa. Lokacin da aka yi musanyar Nomau yana bakin iyaka, tafiyar wata guda. Duban da yaron ya yi masa a bakin ruwa kuwa, duban mai neman ceto ne: ya ga ƙaho rabi, duhu, ya rasa yadda zai faɗa a gaban jama’a ba tare da ya tona ubansa ba. Ya yi shiru a gaban Sarki, ya yi shiru a gidan yari, shi kuwa uban ya je har can ya tambaye shi wa ya ba.

Tsiriri ya lanƙwaso dogon wuyansa ya ce a hankali, “Na ga abin da yatsanka ya gani. Abu ne mai sauƙi. Ga farcena, ya fi wuƙar tagulla kaifi, tsaga uku gajeru irin naka, ko kai ba za ka bambance ba. Ka koma da ƙaho cikakke, a ce bana aka sace shi. Ɗanka ba za a kashe shi ba, kora ce kawai, ga shi da sauran ƙarfi, ko’ina ya je zai ci abinci. Kai fa? Tsoho, makaho, a bayan ganuwa, da sunan maci amana. Wa zai ja maka sanda?”

Maganar ta sami wurin zama a zuciyar Cindo, kuma ya ji ta zauna. Ya ga kansa a zaurensa da rawaninsa, ana gaishe shi. Ya ga kuma jikokinsa biyu suna bin ubansu a hanya da kaya a ka, ana nuna su ana cewa ga ’ya’yan wanda ya sayar da ruwan gari. Ya ce, “Me ya sa kake so a rufe shekarun nan uku? Ko kai ma kana da abin da ba ka so a ƙirga? Kai ne fa mai tsaron ƙofar da aka ajiye shi.”

Tsiriri ya ce, “Ni taimako na kawo.”

“Janye farcenka daga kayan kakana.”

Ya koma gaban Sarki Gurnani ya miƙa ƙahon. Sarki ya shinshina, ya ce, “Naka ne.” Sannan ya bi tsagar da ido ya ce, “Da ka fito da shi da tsaga saba’in da ɗaya, da na san gidan Bawa ya ƙare, don mun san ranar da ya zo mana. Tafi. Ranar da muka ji muryarsa, ruwa zai dawo.” Cindo ya so ya tambaya ko Sarki ne ya sa Tsiriri ya gwada shi, ko kuwa Tsiriri don kansa ya yi, amma da ya juya babu Tsiriri, wani aljani ne dabam, bebe, ya raka shi har ƙofa. Bindigarsa da wuƙarsa suna nan inda ya bar su.

Ya iso Marmara a rana ta arba’in da hantsi, ƙafafu a kumbure, riga a yage, ya tarar an riga an fito da Nomau bakin busasshen idon ruwa, hauni na tsaye da takobi. Jama’a suka dare masa. Ya faɗi gaban Sarki Tunau ya ɗaga ƙahon, rana ta ratsa shi, kowa ya ga baƙin albarushi cike har wuya, guɗa ta tashi.

Waziri Jari ya ce, “Madalla. Saura rabin hukunci, Allah ya ja zamanin Sarki. A kwance ɓarawon a raka shi ƙofar gari.”

Cindo ya ce, “Zaki, kafin a raka kowa, ina roƙon Waziri ya ƙirga tsagar da ke bayan ƙahon nan da ƙarfi, kowa ya ji. Gajerun na ƙarshe su ne nawa.”

Waziri ya ƙirga, muryarsa na raguwa, ya tsaya a goma sha shida.

Cindo ya ce, “Harbi goma sha tara na yi wa garin nan. Uku na ƙarshe da jabu na yi su, lokacin yaron nan yana bakin iyaka. A hannuna ƙahon ya ɓata. Ban gane ba domin shekara huɗu ke nan ba na gani, na ɓoye, ina cewa cike yake alhali haske kawai nake gani. Yanzu haka, ranka ya daɗe, ban san ko fuskarka nake duba ba ko ta mai riƙe maka laima. Shi ya gani tun ranar farko, ya rufa mini asiri da wuyansa. Ni ne na ƙofar gari.”

Sarki Tunau ya ce a kwance Nomau, a ba shi ƙaho, don inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa. Nomau ya ɗaga shi ga rana ya ce, “Cike yake,” ya zare matoshi da haƙori, ya auna, ya dura, ya danna, ya harba. Dutsen Shiru ya amsa sau bakwai, ƙasa ta motsa, ruwa ya ɓalle daga gindin dutse fari fat, sanyi ƙalau, har ya jiƙa wa Sarki takalmi. Nan take aka naɗa wa Nomau rawanin Sarkin Bindiga.

Sannan Sarki ya ce, “Magana ta riga ta fita, Cindo zai bar cikin ganuwa. Amma ban faɗi nisan da zai yi ba. A gina masa gida a nan bakin ruwa, taku goma daga ƙofa. Sunan maci amana kuwa na janye shi, don maci amana ba ya sa a ƙirga.”

Da taro ya watse, Nomau ya zo ya durƙusa ya kama hannun ubansa ya ce, “Baba, tashi mu je, ga dutse nan a gabanka.” Cindo, wanda shekara talatin bai sami sunan da zai kira ɗansa da shi ba, ya ce, “Sarkin Bindiga, na tambaye ka abin da bai kamata uba ya tambaya ba.” Nomau ya ce, “Tsagar nan uku, Baba, in cike su?” Cindo ya ce, “Bar gurbinsu. Ka fara naka daga gaba.”

Cindo ya rayu shekara goma sha ɗaya a gidan bakin ruwa, yana jin harbin ɗansa kowace shekara, yana gode wa Allah da ya nufe shi da ƙirgawa kafin a zare takobi. Ɗari yakan aiko masa da tuwo, Cindo yakan ci bayan ya shinshina. Waziri ya zo gaishe shi sau biyu, ya bar maganar rijiyoyi. Wani lokaci da tsakar rana yakan ji kamar busasshen kara na karyewa a bayan danga. Amma wanda ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauke ƙahon Bawa Bahago, ya sassaƙa jabu mai kwanciya a hagu, ya san kuma ya bar matoshin ainihi don haƙoran tsoho su yarda, har Cindo ya koma ga Mahaliccinsa ba a san ko wane ne ba, kuma har yau ba a sani ba.